Sankarar mama: ta fi yawa a Turai, ta fi kisa a wurinmu

Ranar da Yaya ta nuna mini nononta, bayan la'asar ne a ɗakinta. Ta kori yara waje, ta tura ƙyaure. 'Yar wan mahaifina ce, amma tun da na buɗe ido Yaya nake ce mata. Ta sassauta zanin da ta ɗaura a ƙirji, ta janye wani tsumma da ta lulluɓe wurin da shi. Fatar ta yi kauri, ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, a hammata kuma ga kaluluwa ta yi tauri kamar ƙwallon dabino.

Na ce, "Yaya, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ina goyon auta."

Auta kuwa a lokacin tana can tsakar gida tana guje-guje, har an sa ta makarantar allo. Na lissafa a zuci, an haura shekara biyu.

"Ai ba ya ciwo ne, ƙanwata," in ji ta. "Abin da ba ya ciwo, in je in ce wa likita me?"

Shekarunta 41. Haihuwarta bakwai, kowane ɗa ta shayar da shi kusan shekara biyu. Ba ta da ƙiba, ba ta san ɗanɗanon giya ba, babu wadda muka sani a dangi da ta taɓa yin irin wannan ciwon. In da littafin likitoci za a bi, tana cikin matan da haɗarin kamuwarsu ya fi ƙanƙanta a duniya. Wannan ne ya sa na zauna na bi alƙaluman cutar ɗaya bayan ɗaya, ina son in gane ko sankarar mama ta yi yawa ne a cikinmu, ko kuwa wani abu daban ke faruwa.

A duniya dai yawanta ba abin musu ba ne. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama, kuma kimanin 670,000 ta kashe. A ƙasashe 157 cikin 185 da aka duba, ita ce sankarar da ta fi kowace kama mata. A 2020 ma har ta zarce ta huhu, ta zama ta ɗaya in an haɗa maza da mata, kafin ta huhun ta sake karɓe matsayinta a 2022. A jimlace, mace 1 cikin 20 a duniya za ta gamu da ita a tsawon rayuwarta. Maza ma suna yi, amma kasonsu bai wuce 1 cikin 100 na masu cutar ba.

Sai dai wannan jimlar tana rufe wani babban bambanci. A ƙasashen da suka fi ci gaba, mace 1 cikin 12 ce za a gano tana da cutar, amma 1 cikin 71 ce za ta mutu da ita. A ƙasashen da ke can ƙasa, 1 cikin 27 ce za a gano, amma 1 cikin 48 za ta mutu. A sake duba waɗannan lambobi huɗu da kyau. Inda cutar ta fi yawa, can aka fi tsira. Inda ta fi ƙaranci, can aka fi binne mata.

A Amurka ana gano cutar a jikin mata kusan 300,000 a shekara, ta kashe sama da 40,000. Wato in an gano bakwai, a rasa ɗaya. A Najeriya ƙiyasin 2022 ya nuna sabbin masu cutar sun haura 32,000, waɗanda suka rasu sun haura 16,000. In an gano biyu, a rasa ɗaya. Yammacin Afirka na cikin yankunan da cutar ta fi kisa a duk duniya, tare da wasu tsibiran tekun Fasifik. Wani bincike da aka bi mata sama da 2,000 a Najeriya da Namibiya da Uganda da Zambiya da Afirka ta Kudu, wanda aka fitar a 2020, ya gano cewa bayan shekara uku da gano cutar, kashi 90 na fararen fata matan Namibiya suna raye, amma a cikin 'yan Najeriya kashi 36 ne kawai. Nahiya ɗaya, cuta ɗaya, shekaru ɗaya.

To me ya sa ta fi yawa a can? Amsar tana cikin yadda nono yake aiki. Mafi yawan sankarar mama daga ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanyoyin ruwan nono take farawa, ko daga 'yan jakunkunan da ke haɗa ruwan. Kowane wata, sinadaran jikin mace, musamman wanda ake kira istirojin, suna zuga waɗannan ƙwayoyi su rarrabu, su shirya wa cikin da wataƙila zai shiga. Duk rabuwar ƙwaya kuwa tamkar kwafar rubutu ce da hannu: yawan kwafa, yawan damar kuskure. Saboda haka macen da ta fara al'ada da wuri, ta jima ba ta daina ba, ta yi haihuwar fari bayan shekara 30 ko ba ta haihu ba sam, jikinta ya fi yawan zagayen wata, haɗarinta ya fi. Tun farkon ƙarni na 18 wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya lura cewa cutar ta fi addabar matan coci waɗanda ba sa aure.

A 2002 aka tattara bincike 47 daga ƙasashe 30, aka samu cewa kowace haihuwa tana rage haɗarin da kusan kashi 7 cikin 100, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana ƙara rage kashi 4.3. Duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma tana haihuwa fiye da shida a matsakaici, kuma yaye a wurinmu ba a gaggawarsa. Shekara biyu cikakku da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara ita ce ma'aunin da iyayenmu suka tashi a kai. Wannan kariya ce ta gaske. Amma ragi ne kawai take yi, ba ta toshe ƙofa. Yaya shaida ce. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce kusan rabin masu cutar ba su da wani dalili da za a nuna, in ban da cewa mata ne kuma sun haura 40.

Akwai kuma giya, da ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da zaman da babu motsa jiki, da magungunan sinadari da wasu matan Turai ke sha in al'ada ta ɗauke. Sannan akwai dalilai biyu da ba su shafi jiki ba ko kaɗan. Na farko tsufa: sankarar mama cutar manyanta ce, kuma su tsofaffinsu suna da yawa. Na biyu nema: a Ingila ana gayyatar mace daga shekara 50 ta zo a yi mata hoton mama duk bayan shekara uku, a Amurka tun daga 40 ake ba da shawarar farawa. Wanda ya fita nema shi ke tsintuwa. Na'urar tana kama ƙullutun da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda hannu ba zai ji ba, sai ya shiga lissafi. Lambar masu cutar ta hau, ta masu mutuwa ta sauka. A Amurka mace-macen sankarar mama sun ragu da kashi 44 tsakanin 1989 da 2022.

Nan ne zancen shekaru ke rikita mutane. A Amurka tsaka-tsakin shekarun da ake gano cutar ya haura 60. A asibitocinmu kuwa, in ka leƙa layin masu jiran likitan tiyata, 'yan shekara talatin da wani abu da 'yan arba'in ne suka fi yawa, wasu da goyo a baya. Har wasu na cewa tamu cutar daban ce, matasa take bi. Babban dalilin dai shi ne al'ummar ce gaba ɗaya matashiya. Rabin 'yan Najeriya ba su kai shekara 20 ba, mata 'yan 60 da 70 kaɗan ne in an gwada da na Turai. Amma zargin bai tashi a banza ba. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Chicago, ta shafe shekaru tana nazarin cutar tare da abokan aikinta na Ibadan, kuma ayyukansu sun nuna wani nau'i mai saurin yaɗuwa, wanda ba ya jin maganin da ke toshe istirojin, ya fi yawa a matan Yammacin Afirka fiye da Turawa. A wani bincikensu na 2018, kusan 1 cikin 7 na masu cutar da aka gwada a Ibadan suna ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado, akasari BRCA1 ko BRCA2. Wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta jini ta yi cutar, haɗarinta ya kusa ninkawa.

Ita kanta lambar 32,000 ɗin, ya kamata a san daga ina ta fito. Ba a bi gida-gida an ƙirga ba. Akwai ofisoshin rajistar cutar daji a wasu birane, irin su Ibadan da aka kafa tun 1960, da Abuja, da Kalaba, inda ake rubuta duk wadda asibiti ya tabbatar tana da cutar. Daga waɗannan ne masana ke faɗaɗa lissafi ya rufe ƙasa baki ɗaya, bisa yawan jama'ar da rabon da a ƙirga su tun 2006. Macen da ke wani ƙauye a Jigawa ko Zamfara ko bayan Maraɗi, wadda ba ta taɓa taka asibitin koyarwa ba, ta yi jinyarta a ɗaki, ta rasu da asuba aka kai ta kafin azahar, babu takardar da ta ɗauki sunan ciwonta. A wurin gaisuwa za a ce ta sha jinya, Allah ya sa kaffara ce. Ni ina da yaƙinin cewa ƙarancin da ake gani a alƙalumanmu kashi biyu ne: wani ɓangare kariyar haihuwa da shayarwa da ƙuruciyar al'umma, wani ɓangare kuma matan da ba a ƙirga ba.

Kuma ko wannan ƙarancin ba mai ɗorewa ba ne. 'Yan mata suna daɗewa a makaranta, aure da haihuwar fari suna ja baya a birane, ma'aikaciya tana komawa ofis bayan wata uku ko huɗu, abinci ya canza, mata suna ƙara tsawon rai. Mafi yawan waɗannan alheri ne, ba wanda zai ce a koma baya. Amma suna zuwa da nasu kaya. Cibiyar ta Lyon ta yi hasashen cewa zuwa 2050 masu kamuwa a shekara za su kai miliyan 3.2, masu rasuwa miliyan 1.1, kuma ƙasashe irin namu ne za su fi ɗaukar nauyin ƙarin.

Abin da ya fi damuna shi ne tazarar da ke tsakanin ranar da hannu ya ji ƙullutu da ranar da aka fara magani. Likitoci sun kasa cutar mataki-mataki. A na ɗaya da na biyu tana cikin nono, ko ta ɗan taɓa hammata, kuma mafi yawan mata suna warkewa. A na uku ta kama fata ko bangon ƙirji ko ta cika hammata. A na huɗu ta tafi ƙashi ko huhu ko hanta ko ƙwaƙwalwa, sai dai a lallaɓa a rage raɗaɗi a ja kwana. Wani nazari da Dakta Elima Jedy-Agba ta jagoranta a 2016, wanda ya haɗa bincike da dama daga ƙasashen kudu da Sahara, ya nuna kusan kashi 77 na baƙaƙen mata a mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti.

An saba ɗora laifin a kan jahilcin mata. Ban yarda da wannan ba, domin na ga yadda shekara biyun Yaya suka tafi. Da farko ta ɗauka ruwan nono ne ya daskare, abin da kowace mai shayarwa ta sani, sai ta yi ta gasawa da ruwan ɗumi. Da aka yaye auta bai baje ba, ta aika kemis aka haɗo mata magani. Daga baya ta je wani ƙaramin asibiti, har sau biyu. Wanda ya duba ta bai ko sa ta kwance zani ba, ya rubuta mata ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ya sallame ta. Da likita ya ce ba komai, wa zai ce da komai? Sai da fatar ta fara canzawa wata tsohuwa ta ce daji ne, ta kuma ja kunne cewa daji ba ya son ƙarfe: kada a yarda a yi allura, kada a yarda a yanka. Daga nan aka koma jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Ana cikin haka maigidanta bai ma san girman abin ba, don kunya ta hana ta buɗe masa, tsoro kuma ya hana ta furta sunan.

Wannan magana ta ƙarfe tana da ƙarfi a zukatan mutane saboda idonsu ya ga abin da ya yi kama da hujja. Mace ta kai mataki na huɗu, an kai ta asibiti a kwance, an yi aiki, bayan wata uku ta rasu. Maƙwabta suka ce wuƙar ce. Ta gaba da ta ji ƙullutu sai ta ƙi zuwa, har ita ma ta kai inda ba a dawowa, a kai ta a kwance, a sake cewa ga shi nan an maimaita. Waɗanda aka yi wa aiki da wuri suka warke kuwa ba a san su ba, domin ba sa faɗa. Suna nan cikinmu a gidajen biki, sun cusa ɗan ƙyalle a rigar mama, ko aminansu ba su sani ba. Mutuwar tana fili, warakar tana ɓoye. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita a kai ɗakin gwaji ba ta yaɗa cutar, kuma ita kaɗai ke iya tabbatar da ko sankara ce. Kusan 9 cikin 10 na ƙullutun nono ma ba sankara ba ne.

In an tsallake wannan, sai a tarar da katangar kuɗi. A Najeriya fiye da kashi 70 na abin da ake kashewa a lafiya daga aljihun marar lafiya yake fita. Maganin sankarar mama kuwa doguwar tafiya ce: gwajin nama, aiki, allurar kimo mai kashe ƙwayoyin sankara duk bayan mako uku har zagaye shida ko takwas, sannan gashi da na'ura kullum na tsawon makonni. Akwai wani gwaji da ake yi wa naman don a san irin cutar, kuma shi ke nuna hanya. In mai cin istirojin ce, ƙwayar tamoxifen guda ɗaya a rana na shekara biyar ko fiye tana aiki sosai, kuma ba ta da tsada. In mai alamar HER2 ce, akwai trastuzumab, mai kyau amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje. In ba a yi gwajin ba, magani ya zama lalube cikin duhu. Na ga mata sun yi kimo biyu, an sayar da akuya da keken ɗinki, a na uku ba su dawo ba.

Na'urorin gashi a Arewa ana iya ƙirga su da yatsu: Zariya, Sakkwato, Gombe, Abuja, da wasu ƙalilan da aka ƙara a 'yan shekarun nan. In ɗaya ta tsaya, sai mace ta kama hanyar wata jiha da ɗan rakiya, ta nemi wurin kwana na wata guda. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai. A tuna nisan da ke tsakanin Damagaram da Yamai. Gwamnatin Najeriya ta kafa asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza (prostate) a wasu manyan asibitoci, ciki har da na Zariya da Gombe da Abuja, kuma duk mai jinya ya kamata ya tambaya a ofishin walwalar marasa lafiya. Akwai kuma matan da suka fito fili suka yi magana: Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ta warke daga cutar ta kafa ƙungiyar wayar da kai a 1997, da Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu da gidauniyarta ta Medicaid.

Duk watan Oktoba ana sa riguna ruwan hoda a yi tattaki, a yi kiran a sayo na'urorin hoton mama. Ina ganin ba nan ya kamata mu fara ba. Na'urar an yi ta ne don kama abin da hannu bai ji ba, mu kuwa matanmu suna yawo da abin da ido ma ke gani. Kuma a nonon mace mai ƙuruciya, wanda namansa ke da kauri, sikanin irin na awon ciki ya fi ta nuna abu. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya fi kusa da halinmu. Yana neman a gano aƙalla kashi 60 na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu, a kammala duk gwaje-gwaje cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kai kuka, sannan kashi 80 su gama maganinsu har ƙarshe. Kwana 60 ɗin nan ba ya buƙatar gini mai hawa goma. Yana buƙatar ma'aikaciyar asibitin unguwa, wadda ke awon ciki da rigakafin yara, ta iya duba nono da hannunta, ta san cewa ƙullutun da ya wuce wata ɗaya bai baje ba takardar turawa gaba yake so. Yana buƙatar ungozoma ta san haka, mai kemis ya san haka, maigida kuma in an ce masa akwai abu ya tashi a ranar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ake cewa, amma kuɗin mota da izinin fita galibi a hannun namiji suke.

Yaya ta yi wata goma sha ɗaya bayan ranar da ta nuna mini. Mun kai ta, an yi gwajin nama, an fara kimo, amma hoto ya nuna ta riga ta shiga ƙashin baya. Ita dai ta shiga rajista, tana cikin dubban da aka ƙirga. Allah ya jiƙanta da rahama.

Bara babbar 'yarta, wadda ke goyon ɗanta na biyu, ta kira ni da daddare murya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Anti, na ji wani abu a na hagu, kamar wake. Ba ya ciwo." Na ce ta ba mijinta wayar. Ranar Litinin muna layin asibiti tun ƙarfe bakwai, jaririn a bayana, ita tana riƙe da kati. Da aka kira ta, tun kafin likitar ta ɗago kai ta ce, "Mahaifiyata da shi ta rasu," ta fara kwance maɓallin rigarta.